Tsakin Tsohuwar Tsibiri

Jirgin ruwan ya sauke mu a tsibirin da azahar, mu ashirin da 'yan kai, yawancin ayarin Amurkawa, kowa da ɗan kati maƙale a ƙirji ɗauke da sunansa. Nawa an rubuta shi daidai. Na matata Zulai an mayar da shi Julie. Ta duba katin, ta cire shi, ta jefa a jaka. Na buɗe baki zan ce kuskuren mai buga tafireta ne, sai na ga irin kallon da take yi mini, na fasa.

Ba zan faɗi sunan tsibirin ba. Na ƙasar Girka ne, ƙarami, kuma mutanensa ba su yi mana laifin da zai sa in jingina musu wannan labari ba. Abin da ya kamata in faɗa shi ne dalilin zuwanmu.

A tsakiyar shekarun tamanin ina aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo a Washington. Muna zaune a Alexandria, kusa da Washington ɗin, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene wanda tagoginsa ba sa buɗuwa. Zulai malamar tarihi ce. Shekara bakwai ta yi tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Zariya kafin ta ajiye alli ta biyo ni. A Amurka aka ce takardunta ba su isa ba, sai ta sake karatu. Ta zauna a gida. In na dawo daga aiki nakan tarar da ita a bakin taga tana kallon motoci, ta ba ni labarin yininta. Yarinyar kanti ta yi mata magana da ƙarfi kamar tana yi da kurma. Wata maƙwabciya ta fasa shiga lif da ta gan ta a ciki. Ni kuma amsata kullum ɗaya ce, cikin muryar nan da nake karanta labarai da ita: ba haka take nufi ba, haka mutanen nan suke.

A ganina gaskiya nake faɗa. Sana'ata ke nan, in ɗauki maganar mutum in nemo abin da yake nufi. Wata rana ta ce mini, "Malam, kai har a gida tafinta ne. Duk wanda ya taka ni, kai ne lauyansa."

A shekararmu ta uku ta ce za ta je ganin gida. Da na tambayi ranar dawowa, ta ce a yanki tikitin zuwa tukuna. Na gan ta tana shimfiɗa takardun shaidarta na koyarwa a ƙasan akwati. Wannan kam bai buƙaci fassara ba.

A Landover, wani gari kusa da mu, muke yankar tikiti, a shagon Alhaji Issaka, wani mutumin Kumasi da ke sayar da garin rogo da manja a gaba, yana harkar tafiye-tafiye a ɗan ɗakin baya. A bangon ɗakin na ga tallan wani kamfani: mako guda a tsibirin Girkawa, tare da farfesan tarihi, da ɗaki mai kallon teku. A tsakiyar takardar akwai hoton ginshiƙai farare a kan tudu. Na san hoton. Irinsa ne a littafin da Zulai ke koyarwa da shi, sai dai nata baƙi da fari ne, ya kuma koɗe.

"Malam, matarka ya gaji ne kawai," in ji Alhaji. Kamar yawancin mutanen zangon Kumasi, bai wahalar da kansa wajen bambanta mace da namiji a magana. "Kai shi ya sha iska. In ya ga teku, zuciyanshi zai yi sanyi."

Zulai ta yarda bisa sharaɗi. Za mu yi makon tare, mu dawo Athens, daga nan ita ta wuce Kano, ni in koma Washington. Kwana bakwai ke nan nake da su.

A bakin otal ɗin aka kira sunaye, aka raba mabuɗai. Da aka zo kanmu, sai jagoran tafiyar ya ce ɗakuna sun ƙare, amma an samo mana wuri mai kyau a cikin gari. Sunansa Manoli, saurayi ne mai jar lema da usur a wuya. Na tambaye shi ina farfesan. Ya ce farfesa ba shi da lafiya, amma shi ɗan ƙanwarsa ne, duk abin da farfesa ya sani ya sani.

Mu biyu kaɗai ne baƙaƙen fata a ayarin, kuma mu biyu kaɗai aka bi da akwatunanmu ta lungu. Na ce, "Ina jin sunanmu ne a ƙarshen jerin."

"Na sani," in ji Zulai. "Ba haka suke nufi ba."

Gidan na wata tsohuwa ne, Kiriya Eleni, 'yar gajera cikin baƙaƙen kaya. Tagar ɗakinmu tana kallon bayan gidan burodi. Amma akwai tsakar gida, da inabi ya rufe samansa, da itacen ɓaure a gefe. Da safe Zulai ta fito ta tarar da tsohuwar tana shara, ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Mama." Tsohuwar ta tsaya, ta jingine tsintsiya, ta kama ta da hannu biyu ta ɗaga, tana ta magana da yarensu. Daga ranar, kowace safiya sai mun sami ɓaure a faranti a ƙofar ɗakinmu. Ba su da kalma ɗaya da suka haɗa, amma na sha fitowa in gan su zaune suna gyaran wake.

Abin da kamfanin ya kira yawon al'adu kuwa, ga yadda ya kasance. Rana ta biyu aka kai mu masana'antar tukwane, aka nuna mana yadda ake yi na minti biyar, aka bar mu a shagonta awa biyu. Rana ta uku shagon fata ne, na kawun Manoli. A hanya muka tsaya a gidan kayan tarihi, Manoli yana gaba da lemarsa a sama, yana cewa wannan tsoho ne ƙwarai, wancan ma tsoho ne ƙwarai. A gaban wani tulu mai zanen jirgin ruwa Zulai ta ɗaga hannu kamar ɗaliba. Ya ce tambayoyi sai a mota. A mota ya kunna kaset.

Rana ta huɗu aka yi mana abin da aka kira bikin gargajiya, da rana tsaka, a wani gidan abinci. Naman alade aka kawo, mu muka ci burodi da tumatir da zaitun. Samari huɗu suka yi rawa suna duba agogo. Daga nan aka raba wa kowa farantin tangaran, aka ce a fasa a ƙasa, haka ake nuna murna. Amurkawan suka yi ta rotsawa suna ihu. Zulai ta riƙe nata da hannu biyu.

"Malam, lafiyayyen faranti ne fa. Ko tsaga babu."

"Al'adarsu ce."

"To, su fasa nasu." Ta ajiye shi a hankali a kan tebur, ta ɗora cokali a kai.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ci mata rai daban ne. A hanyar dawowa ta roƙi direba, da Turanci da nuni, ko zai ɗan tsaya ta yi salla. Bai ko juyo ba. Ya ɗaga haɓa sama, ya lumshe ido, ya yi tsaki. Gajere ne, amma tsaki ne, ni ma na ji shi. Na ce wataƙila wani abu ne ya maƙale masa a haƙori. Kashegari a kasuwa, yajin da ta zo da shi ya ƙare, ta tambayi mai kayan miya ko yana da barkono mai zafi. Shi ma ya ɗaga haɓa, ya yi mata tsaki, ya ci gaba da jera albasarsa.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai san nauyin abin ba. Mai zaginka aƙalla ya ɓata kalmomi a kanka. Mai yi maka tsaki yana cewa ko kalmar ba ka kai ba. Zulai 'yar gidan da ake marin yaro ce in ya yi wa kaza tsaki a gaban manya. Ta juyo ta dube ni.

"Shi ma haƙorin ne?"

Na ce ban sani ba. Muka koma gida.

Ranar ginshiƙan ita ce ta shida. Don ita muka zo. Da safe Manoli ya leƙo da lemarsa, ya ce an ɗan sami sauyi a tsari, yau bakin teku za a je, akwai wasan jefa ƙwallo da kyaututtuka. Zulai ta ce ya gai da teku. Da ya tafi, ta ɗauko takardar tallan ta nufi Kiriya Eleni, wadda ke zaune a ƙarƙashin inabi tana ɓare tafarnuwa. Ni ina kan kujera a gefe da kofin shayi.

Ta durƙusa kusa da ita, ta nuna mata hoton. Ta yi tafiya da yatsu biyu a kan tafin hannunta, sannan ta yi alamar buɗe ƙofa. Tana nufin, in mun taka da ƙafa, za a bar mu mu shiga?

Tsohuwar ta dubi hoton. Ta ɗaga haɓa, ta lumshe ido, ta yi tsaki.

Zulai ta miƙe a hankali. "Har ke, Mama?" Ta juyo wajena idonta cike da hawaye, kuma na ga abin da take jira. Jira take in faɗi kalmomin nan nawa, ta ji su karo na ƙarshe, ta je ta ɗaure akwatinta da kwanciyar rai.

Na ajiye kofin. Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsaya a kan tsohuwar na yi mata jawabi da Turanci, tsararre, kamar sharhin bayan labarai, sai dai da ƙarfin da ban taɓa sanin muryata tana da shi ba. Na ce matar nan da take gani malama ce, ta koyar da ɗaruruwan yara tarihin ƙasarku. Na ce kwana biyar tana rusuna miki kamar uwar da ta haife ta. Na ce direba ya yi mun yi shiru, mai albasa ya yi mun yi shiru, amma babu wanda zai sake yi wa matata tsaki a gabana, a tsibirin nan ko a ko'ina. Na ce a ba ta haƙuri yanzu.

Kiriya Eleni ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ta zuba mini ido, tafarnuwa a hannu, bakinta a buɗe. Sai ta ƙwala kira, "Yorgo!"

Mijinta ya sauko daga soro, inda yake yini yana ɗinkin komar kamun kifi. Sau biyu kawai muka taɓa gaisawa da shi daga nesa. Ashe ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa, har tashar Apapa ta Legas ya sha zuwa, yana kuma da Turancin ma'aikatan jirgi.

"Oga, me ya faru? Wa ya mutu?"

Na faɗa masa. Bai gane ba. Na kwaikwayi abin da matarsa ta yi. Ya ce, "To, sai me?"

"Sai me? Tsaki ta yi mata!"

"Ta ce mata a'a."

"Ba ta ce komai ba."

"Oga, tambaye ni ko ni saurayi ne."

Na dube shi da mamaki. Ya ce in tambaya mana. Na tambaya. Ya ɗaga haɓa, ya lumshe ido, ya yi ɗan tsakin nan.

"Ka gani? A'a ke nan. Haka kowa ke cewa a nan, limamin coci ma haka yake cewa. Matata ta gaya wa matarka wurin a rufe yake. Masu gadi suna yajin aiki tun kafin ku zo. Yaron nan mai lema ya sani tun ranar farko."

Na sha yin kuskure a gaban makirufo. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba. Shekara uku ina cewa ba haka ake nufi ba a inda sau da yawa hakan ake nufi. Ranar da na zaɓi in tashi, ita ce ranar da maganar tawa ta kasance gaskiya tsantsa, kuma a kan tsohuwar da ke ajiye mana ɓaure.

Yorgo ya tambaye ni me abin yake nufi a wurinmu. Na gaya masa, ya juya wa matarsa. Ta saki tafarnuwar, ta rufe baki da hannu biyu. Ta tashi ta rungume Zulai tana ta surutu, tana shafa mata fuska. Ni kuwa na yi abin da ya rage mini. Na cire hula, na durƙusa a gabanta har ƙasa kamar yadda zan yi wa uwata, na ce da Hausa, "Ki yafe mini, Mama." Ta ɗan dungure mini kai da yatsa, ta faɗi wata kalma. Yorgo ya ƙi fassarawa.

Sai tsohuwar ta ce tana so ta ji namu tsakin. Zulai ta ƙi, ta ce ba a yi a gaban manya. Tsohuwar ta nace. Zulai ta goge ido, ta juya baya don kunya, ta ja wani dogon tsaki irin na matan Tudun Wada, mai hawa da sauka da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Kyanwar gidan ta tashi ta bar wurin. Yorgo ya dafe ƙirji.

"Wannan na san shi! Wata mai sayar da lemo ta yi mini shi a Apapa. Na zaci sumba take aiko mini."

Zulai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Rabon da in ji wannan dariya tun muna Zariya.

Da la'asar Yorgo ya fito da wata 'yar mota mai ƙafa uku da yake ɗaukar kankana da ita. Matan suka zauna a gaba, ni a baya a kan buhu. Ya bi da mu ta bayan gari har inda hanya ta ƙare, muka hau tudu da ƙafa ta turbar awaki. Ƙofar wurin a kulle take can ƙasa, amma daga inda muka tsaya, a bayan shingen waya, ana ganin komai.

Ginshiƙan ba su kai na hoton girma ba. Biyu daga ciki an kewaye su da ƙarafan gyara. Na saci kallon Zulai ina fargaba. Ta daɗe tana riƙe da wayar tana kallonsu. Can sai ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ta ce, "Malam, fassara."

Da Hausa ta yi darasin. Ni in mayar wa Yorgo da Turanci, shi ya mayar wa matarsa da Girkanci. Ta nuna mana cewa kowane ginshiƙi ba dutse ɗaya ba ne, guntaye ne kamar turame aka ɗora wani kan wani. Ta ce mu dubi tsakiyarsu, za mu ga sun ɗan yi ciki, da gangan magina suka yi haka don ido ya gan su a miƙe. Kiriya Eleni ta rufe ido ɗaya ta duba, ta gyaɗa kai. A gindin tudun nan aka haife ta, babu wanda ya taɓa gaya mata. Da Zulai ta ce a zamaninsu gine-ginen nan ba farare fat ba ne, an yi musu ado da ja da shuɗi, tsohuwar ta ɗaga haɓa ta yi tsaki, sannan ta tuna, ta toshe baki. Suka yi ta musu ta bakinmu mu biyu har rana ta yi sanyi. Ban ƙara mata kalma ba, ban rage ba, ban kuma gyara wa kowa nufinsa ba. Ban taɓa yin fassarar da ta fi wannan daɗi ba.

Wajen saukowa tsofaffin suka yi gaba. Zulai ta dafa kafaɗata saboda santsin duwatsu.

"Ka san ka yi abin kunya yau."

"Na sani."

"Shekara uku ina jira ka tashi. Da ka tashi, sai a kan baiwar Allah mai ɓare tafarnuwa."

"Na sani, Zulai."

"Har da ɗaruruwan yara." Ta matse kafaɗata. "Amma ka tashi."

Washegari ta ɗaure akwatinta kamar yadda ta tsara, takardun suna ƙasa. Kiriya Eleni ta cika mata jaka da busasshen ɓaure, suka yi kuka a bakin ƙofa, kowacce da yarenta.

A filin jirgin Athens layi biyu ne, nawa a dama, nata can ƙarshen zaure. Na ɗora babban akwatin a kan amalanke. Na yi niyyar in yi magana mai tsawo, na shirya ta tun a jirgin ruwa, amma da muka tsaya tsakanin layukan ba abin da ya fito sai, "Ga naki can. In raka ki?"

Ta dube ni. Ta ɗaga haɓa, ta lumshe ido, ta yi mini tsaki.

Shekara tara da aurenmu, ba ta taɓa yi ba. Na tsaya riƙe da amalanke kamar an dasa ni.

"Na Girkawa ne," ta ce. "Kada ka kai ƙarata wurin Baba."

"Zulai..."

"Tsaya, ban gama ba. Benen nan zan bar shi, ka nemo mana gida a ƙasa, mai tagar da ake buɗewa. Karatun da suka ce in sake, zan sake. Kano kuma da babbar salla za mu je, mu biyu, da tikitin dawowa. In kuma na ce maka an yi mini abu, kada ka fassara mini. Ka ce sannu."

"To."

"To me?"

"Sannu."

"Yauwa. Je ka yi musu Turancin nan naka su canja tikitin, kafin jirginka ya tashi ya bar mu."